Kai koke majalisar Alausa: abin da doka ta ba mazaunin Legas

Wani dattijo maƙwabcinmu a Agege ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gadi a wata ma'aikatar jiha. Da ya yi ritaya, kuɗin sallamarsa suka maƙale. Kullum zai fita bin sawu da takardunsa cikin baƙar leda, ninki biyu saboda ruwan Ikko, ya dawo da "ka zo mako mai zuwa". Ran nan bayan magariba na ce, "Baba, me zai hana a rubuta wa majalisa?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa zai saurari baƙo a can?"

Maganar ta tsaya mini a rai, don ba haka doka ta ce ba. Majalisar Dokokin Legas da ke Alausa tana da kujeru 40, biyu daga kowace ƙaramar hukuma. Ɗan majalisar mazaɓarka wakilinka ne, ko a Katsina aka binne cibiyarka. Sashe na 128 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba majalisar jiha ikon binciken ma'aikatu don tono rashawa, sakaci da almubazzaranci. Sashe na 129 ya ba ta ikon kiran kowane jami'i ya zo da takardu, in ya ƙi ta sa a kawo shi da sammaci. Jami'in da ya shekara yana ɓoye maka zai zauna gaban kwamiti ya amsa tambaya. Ƙarfin koke ke nan.

Fansho ba alfarma ba ce. Sashe na 210 ya hana a riƙe wa ma'aikacin jiha haƙƙinsa na fansho da garatuti, ko a sauya shi ta yadda zai cutu, sai yadda doka ta halatta. Ya kuma ce a sake duba kuɗin fansho duk shekara 5, ko lokacin da aka duba albashi, duk wanda ya riga zuwa. Amma ka san ƙofarka. Ma'aikacin jiha ya fara da LASPEC, hukumar fansho ta Legas. Wanda ya yi wa tarayya aiki, kamar tsoffin ma'aikatan jirgin ƙasa, sashe na 173 ne nasa, kokensa kuma Abuja zai je ta hannun ɗaya daga sanatocin Legas 3 ko 'yan majalisar wakilanta 24.

Batun diyya ya fi ciwo, musamman ga 'yan kasuwarmu da rusau ya ci. Sashe na 44 ya ce in gwamnati ta karɓe dukiya, ta biya diyya ba da jinkiri ba. Sai dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, diyyar kuwa galibi ta abin da ka gina ko ka shuka ce, ga mai haƙƙin zama a filin. Wanda ya yi shekara 20 yana biyan kuɗin rumfa ba ko rasit, hujjarsa ba ta da ƙarfi. Nasa koken ya fi kyau ya nemi tallafi da sabon matsuguni, kuma a haɗu a rubuta da sunan ƙungiyar kasuwa.

Rubutun ba ya buƙatar lauya. A yi shi da Turanci, zuwa ga Kakakin Majalisa, a faɗi abin da ya faru da ranakunsa, ofisoshin da aka bi, sannan abin da ake so ƙarara. Ban da zagi. A sa hannu ko a dangwala yatsa, a haɗa da kwafin takardar ɗaukar aiki, ta ritaya, rasit da hotuna. Kwafi na ce; ainihin takardun su zauna gida. In majalisa ta karɓa, za ta tura wa kwamiti ya ji ɓangarorin biyu ya kawo rahoto.

Inda nake so a buɗe kunne: majalisa ba kotu ba ce. Ƙudurinta shawara ce mai nauyi, ba hukuncin da za a tilasta biya da shi ba. Ba ta kuma taɓa maganar da ke gaban alƙali. Mafi haɗari, jiran kwamiti ba ya tsayar da wa'adin shigar da ƙara, alhali wasu ƙararrakin da ake kai jami'an tarayya wata 3 kacal doka ta ba su. Don haka ranar da ka kai koke, ka tambayi lauya wa'adinka. Rigimar fansho Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke jinta, tana nan Ikoyi.

Koken Baba shafi ɗaya da rabi muka rubuta. Muka hau mota zuwa Ikeja da kwafi biyu, aka buga wa namu hatimin karɓa da kwanan wata. Ya ninke shi a hankali, ya sa a ledar nan, a saman sauran takardun.