Waiwaye: Yadda faɗin riga ya zama abin gardama a wasan tsalle kan ƙanƙara

Tun gasar duniya da aka yi a birnin Trondheim na ƙasar Norwe a watan Maris na 2025, inda aka kama ƙungiyar Norwe da sauya ɗinkin rigunan 'yan wasanta, masu bin wasan tsalle kan dusar ƙanƙara, wanda ake zamowa daga tudu a tashi cikin iska, ba su daina cacar baki a kan rigunan 'yan wasa ba. Mai kallo daga nesa zai zaci rikicin daga sama ya faɗo. Ruwa kuwa ba ya tsami banza, kuma wannan tsamin ya kai shekara arba'in yana taruwa.

Farkon wasan sananne ne. A 1808 wani sojan Norwe, Olaf Rye, ya yi tsallen mita 9.5. Wasan ya shiga Olamfik a Chamonix ta Faransa a 1924, sannan a 1936 Sepp Bradl na Ostiriya ya haura mita 100 a Planica, da ke ƙasar Sloveniya ta yau. Duk tsawon zamanin nan, katakan zamiya biyu da ake ɗaurawa a ƙafa a jere ake riƙe su cikin iska, kuma alƙalai da haka suke auna kyawun tsalle.

Inda labarin ya juya, wanda ba kasafai ake tsayawa a kai ba, shi ne tsakiyar shekarun 1980. Wani matashi ɗan Suwidin, Jan Boklöv, ya fara ware bakin katakansa yana haɗe gindinsu, su yi siffar harafin V. Aka ce salon ba shi da kyan gani, aka riƙa rage masa makin salo. Amma nisan da yake ci ya rufe giɓin, har ya lashe gasar cin kofin duniya ta kakar 1988 zuwa 1989. Kafin a ce me, kowa ya bi sahu. Toni Nieminen na Finlan ya ci zinare da salon a Olamfik na Albertville ta Faransa a 1992 yana ɗan shekara 16, kuma a 1994 ya dira a kan ƙafafunsa a mita 203.

Abin da salon ya sauya ya wuce tsayuwar ƙafa. A da jikin ɗan wasa yana ɓoye a bayan katakai. Yanzu ƙirjinsa da cinyoyinsa na shimfiɗe a tsakaninsu, iska na tallabe shi kamar shirwa. Ƙarfin ƙafa ya rage daraja. Rashin nauyi da faɗin abin da ke tarar iska suka zama jari.

Jiki aka fara taɓawa. Samari suka shiga horar da kansu da yunwa, wasu har suka kamu da cutar ƙin cin abinci, kuma wannan ya fi damuna fiye da duk wata maganar ɗinki. A 2004 aka kawo dokar da ta ɗaure tsawon katako da nauyin jiki: wanda ya rame fiye da ƙima, a gajarta masa katako. Dokar ta yi amfani. Sai dai da aka toshe wannan ƙofa, ido ya koma kan abin da ya rage, wato riga, musamman yadin da ke tsakanin cinyoyi.

Shi ya sa a yau ake auna jikin ɗan wasa, a auna rigarsa, a sa na'ura ta gwada yawan iskar da ke ratsa yadin, kuma santimita ɗaya tak na iya fitar da mutum daga gasa.