Mene ne jinyar ciwon damuwa ta intanet?

Idan likita a Jidda ko Makka ya ce mutum yana da "ikti'ab", ciwon damuwa yake nufi: baƙin ciki ko gushewar sha'awar komai da ya kai mako 2 kusan kullum, har ya taɓa barci, cin abinci da aiki. Jinyarsa ta intanet kuwa darussa ne tsararru, galibi 5 zuwa 10, ɗaya a mako, a waya ko kwamfuta. Yawancinsu an gina su kan hanyar CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a, wadda Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960.

Ana somawa da awo, sau da yawa da takardar PHQ-9 mai tambayoyi 9 da maki 0 zuwa 27. Maki 5 zuwa 9 ciwo ne mai sauƙi, 10 zuwa 14 matsakaici, 20 zuwa sama mai tsanani. An fi ba masu sauƙi da matsakaici wannan jinya.

Maganin yana cikin aikin da ake ba mutum ya yi tsakanin darussa. A ce mai aikatau ce da ta daina kiran gida, ta daina fita ko ranar hutu. Za a sa ta rubuta abu ƙarami da lokacinsa: Talata bayan la'asar, tattakin minti 10, Juma'a, kiran ƙanwarta. Kafin ta yi da bayan ta gama, sai ta ba yanayin zuciyarta maki daga 0 zuwa 10. Ba a jiran sha'awa ta zo, aikin ne ke jawo ta. Daga baya sai a koma kan tunani. Ta rubuta "ba ni da amfani tunda ban tura kuɗi bana ba", ta jera hujjojin da ke goyon bayansa da masu rushe shi, sannan ta rubuta magana mafi adalci ga kanta.

Babbar matsala ita ce yankewa a tsakiya, domin ciwon da kansa yake kashe himma. Shi ya sa shirin da ke da mai bibiya ya fi wanda aka bar mutum shi kaɗai. Shirin Step-by-Step na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka gwada a Lebanon da Larabci, darussa 5 ne da tuntuɓar mai bibiya ta minti 15 a mako. A ganinmu, wanda zai zaɓi shiri ya fara tambayar wa zai riƙa duba shi. Harshe ma shinge ne, don mafi yawa da Larabci ko Turanci suke.

Ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo kan kawo irin wannan kasala, saboda haka a yi gwajin jini. Mai shan magani kada ya daina don ya shiga shiri. Wanda ke tunanin kashe kansa, ko jin muryoyi, ko yake kwanaki ba barci cikin zumuɗi marar dalili, likita yake buƙata a yau. A Saudiyya a kira 937 na Ma'aikatar Lafiya, ko a nemi ganin likita ta manhajar Sehhaty. In abin ya yi gaggawa, a kira motar asibiti a 997.