Bugun zuciya ya yi yawa, a zaune da wajen motsa jiki: ya za a yi ya sauka?

Wai nawa ne ma bugun da ake cewa ya yi yawa?

Ga babban mutum da ke zaune ba ya komai, daga bugu 60 zuwa 100 a minti ɗaya shi ne likitoci suke ɗauka daidai. In ya haura 100 alhali kana hutawa, kuma kullum haka yake, toh wannan sai an duba. Amma fa wanda yake 92 da wanda yake 64 duk suna cikin layin "lafiya lau", sai dai zuciyar na biyun ta fi samun hutu. 'Yan wasan da suka daɗe suna gudu ko tseren keke nasu kan sauka har 40 da wani abu, kuma ba ciwo ba ne.

Ya zan auna da kaina?

Da safe kana farkawa, kafin ka tashi daga kwance, kafin ka ɗauki waya. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa, ka ƙirga na daƙiƙa 30 sai ka ninka biyu. Ka yi haka kwanaki a jere, don awon rana ɗaya ba ya nuna komai. Agogon hannu mai auna bugu ma yana yi, amma lokacin gudu yakan rikice musamman in bai kama hannun sosai ba, kar ka tsorata don ya nuna maka wata lamba sau ɗaya.

Me ke sa shi hawa ina zaune?

Nan ne ya kamata a fara dubawa kafin a ce za a shiga gudu. Rashin isasshen barci, damuwa, ƙarancin ruwa a jiki, zafin gari, sigari, barasa, kofi da lemukan ƙarin kuzari, duk suna ɗaga shi. Zazzaɓi ma haka, kusan bugu 10 yake ƙarawa duk digiri ɗaya na Celsius da jiki ya ƙara zafi. Mai juna biyu nata kan ƙaru da 10 zuwa 20 kuma wannan ba abin damuwa ba ne shi kaɗai. Akwai kuma magunguna, irin inhelar asma ta salbutamol da wasu magungunan mura masu buɗe hanci.

Guda biyu ne mutane suka fi mantawa: ƙarancin jini, da kuma tayirod, wata halitta da ke cikin wuya, in tana aiki fiye da kima. Mai ƙarancin jini zuciyarsa dole ta ƙara sauri don iskar da jinin ke kaiwa ta ishi jiki, ko shekara zai yi yana atisaye bugun ba zai sauka yadda ya kamata ba sai an gyara jinin. Gwajin jini kaɗai ya isa a gano su biyun.

In babu ciwo, me zai saukar da shi?

Motsa jiki mai sauƙi amma a kai a kai, ba wani sirri. Zuciya tsoka ce, in ta yi ƙarfi sai ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, ka ga ba ta buƙatar yawan bugawa kenan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri, keke ko iyo. Minti 30 sau biyar a sati ya cika ƙaramin adadin. Kuma abin ba na kwana uku ba ne, sai an ɗauki makonni, wani ma watanni, kafin lambar safiya ta fara sauka a hankali. Ka haɗa da barci, ka sha ruwa, ka rage kofi, in kana shan sigari ka yi ƙoƙarin bari, in akwai ƙiba a rage.

Numfashi a hankali, kamar sau shida a minti, yana saukar da bugu nan take in hankalinka ya tashi. Yana da amfani, sai dai ba zai maye gurbin atisayen ba.

Ni da na fara sassarfa kaɗan sai ya kai 170, ina da matsala ne?

Ba lallai ba. Lissafin da aka saba shi ne 220 a cire shekarunka, wato ɗan shekara 30 ƙarshen bugunsa kusan 190, matsakaicin aiki kuma kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na wannan, mai ƙarfi 70 zuwa 85. Amma lissafin nan kintace ne kawai, mutum biyu sa'anni za su iya bambanta sosai. Gaskiya matsalar yawancin sabbin shiga ita ce gudun ya fi ƙarfinsu, kullum sai sun yi har suna haki suna ganin in ba su galabaita ba ba su yi komai ba, alhali mafi yawan atisayen kamata ya yi ya zama a saurin da za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da numfashi ya yanke ba. In maganar ta gagara ka koma tafiya, bugun ya sauka, ka sake ɗagawa. Ba abin kunya ba ne. Bayan wasu makonni za ka ga saurin da yake kai ka 170 yanzu a 150 yake tsayawa. Ka kuma lura da yadda yake sauka bayan ka tsaya, in a minti na farko bai ragu da ko 12 ba, ka faɗa wa likita.

Ba magani ne da zan sha kawai?

Akwai, irin su atenolol da propranolol da bisoprolol, amma likita ne ke rubutawa bayan ya san dalili. Wasunsu suna iya tayar wa mai asma ciwonsa, kuma wanda ya fara ba ya dainawa farat ɗaya don bugun na iya dawowa da ƙarfi. Kar ka sha na wani.

Yaushe ne ba a jira?

In saurin bugun ya zo da ciwon ƙirji, jiri, suma, ko numfashi yana gagara kana zaune, a tafi asibiti a lokacin. Haka in bugun yana tsalle babu tsari, ko ya tashi kwatsam ya haura 150 ba ka yi komai ba, a je a yi gwajin ECG, wato awon da ke nuna yadda zuciya ke bugawa, in da hali tun yana cikin yi.