Ma'anar ITAR: dokar da ke lissafa kallon zane a matsayin fitar da makami

Wanda duk ya taɓa duba tallan ɗaukar ma'aikata na kamfanonin jiragen yaƙi ko na roka a Amurka, da wuya bai ci karo da waɗannan haruffa huɗu ba: ITAR. Ɗaliban ƙasashen waje masu karatun injiniya a can sun san su sarai, domin a nan ƙofa kan rufe musu komai kyan sakamakonsu.

ITAR gajeren suna ne na ƙa'idojin gwamnatin Amurka kan cinikin makamai da ƙasashen waje. Dokar taƙaita fitar da makamai ta 1976 ce ta haife su, kuma wani ofishi a Ma'aikatar Harkokin Waje, DDTC, shi ke da wuƙa da nama a kansu. Akwai jerin kayan yaƙi mai rukuni 21, tun daga bindiga da harsashi har zuwa tankoki, jirage, makamai masu linzami da na'urorin gani cikin dare. Kamfanin da ke ƙera wani abu daga jerin dole ya yi rajista, ko da bai taɓa sayar wa ɗan waje komai ba. Mai karya dokar da gangan na iya shan tarar dala miliyan 1 kan kowane laifi, ko ɗaurin da ya kai shekara 20.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar "fitarwa". Mu in mun ji ta, kwantena a tashar jirgin ruwa muke hangowa. A wajen ITAR kuwa, ilimin ƙera makamin, wato zanensa da ma'auninsa da littafin gyaransa, darajarsa ɗaya da makamin kansa. Ɗauki injiniya a ofishinsa a Texas, zanen wani ɓangare na injin jirgin yaƙi na buɗe a allon kwamfutarsa. Abokin aikinsa ɗan Indiya mai bizar aiki ya zo da kofin shayi a hannu, ya tsaya a bayansa, ya karanta abin da ke allon. Babu abin da ya bar ɗakin, amma a idon doka zanen ya isa Indiya, kuma ba da lasisi ba.

Farfesa John Reece Roth na Jami'ar Tennessee ya ɗanɗana wannan. Yana wani bincike na rundunar sojin saman Amurka kan fasahar jirage marasa matuƙa, sai ya sa ɗalibansa biyu, ɗan Sin da ɗan Iran, a cikin aikin, duk da jami'ar ta gargaɗe shi. Ya kuma tafi Sin da bayanan a kwamfutarsa. Kotu ta same shi da laifi a 2008, aka yanke masa shekara huɗu a 2009.

Mutane kan haɗa ITAR da sirrin gwamnati, alhali hanyar jirgi daban ta mota daban. Bayanan sirri su ne waɗanda gwamnati ta buga wa hatimi a ɗaya daga matakai uku, kuma ba ya ganin su sai ɗan ƙasa da aka bincike shi ciki da waje, wanda aikinsa ke buƙatar ganin su. Bayanan ITAR galibi ba su da wannan hatimi. Mai katin zama na dindindin, har da wanda aka ba mafaka, yana iya aiki a kansu, tun da dokar na lissafa shi cikin "mutanen Amurka". Haɗarin ke nan: takardar da babu jan rubutu a kanta, ita ce ake turawa ta imel ba tare da tunani na biyu ba.

Shi ya sa kamfanin da ke kwangilar sirri ke buƙatar mutum biyu. Na farko jami'in tsaron harabar kamfanin ne, wanda hukumar DCSA ta Ma'aikatar Tsaro ke sa wa ido. Shi ke kula da akwatunan ƙarfe, da ɗakunan da ba a shiga da waya, da littafin baƙi, da rahoton ma'aikacin da zai yi tafiya waje. Na biyu shi ne jami'in da aka ɗora wa sa hannu kan takardun neman lasisin fitarwa. A ganina, a nan zuciyar ƙa'idar take. An rubuta ƙarara cewa wannan jami'i yana da ikon bincikar kowace ciniki, kuma yana da ikon ƙin sa hannu ba tare da an hukunta shi ba. Ka yi tunanin ranar da kwangilar miliyoyin daloli ke jira, shugaban sashen tallace-tallace na tsaye a kansa yana duba agogo, shi kuwa ya ajiye biro ya ce sai an gano wa zai yi amfani da kayan a ƙarshe. Kamfanin da ya naɗa mutumin da ba zai iya faɗin haka ba, suna kawai ya cike a takarda.

Manyan kamfanoni ma ƙafarsu na zamewa. A Fabrairun 2024 Boeing ya amince da biyan dala miliyan 51 kan laifuffuka 199, ciki har da ma'aikatansa a Sin da suka sauke bayanan jirage irin su F-15 da F-22 daga rumbun kamfanin. A Agustan shekarar, kamfanin ƙera makamai na RTX ya amince da dala miliyan 200 kan laifuffuka 750, kuma cikin su akwai ma'aikatan da suka tafi Rasha da Iran ɗauke da kwamfutocin ofis. Kamfanonin ne da kansu suka kai rahoton yawancin laifuffukan, domin tsarin na sassauta wa wanda ya tona kansa.

Igiyar kuma ba ta tsinkewa bayan an sayar. Ƙasar da ta sayi makamin Amurka ba ta da ikon miƙa shi ga wata sai da yardar Washington. Najeriya ta ga haka a 2014, ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram, lokacin da ta nemi jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila, Amurka ta hana, saboda ƙirarta ne. Jiragen Super Tucano 12 da aka harhaɗa a Jacksonville ta jihar Florida, waɗanda shida na farko suka iso a Yulin 2021 aka kai su Kainji, su ma da wannan sharaɗi suka zo. Najeriya ce ta biya kuɗinsu, matuƙanta ke tuƙa su, amma in ta so ba wata maƙwabciya ko guda ɗaya, sai ta fara rubuta wa Amurka.