Wai Facebook ya kashe laburare?

Kullum sai ka ji ana cewa ai tunda waya ta zo laburare ya mutu, komai na intanet. Haba dai! To je ka nemo min cikakkun kwafin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939 a Facebook mu gani, ko takardun ajami da ke ajiye a Arewa House Kaduna, yawancinsu sai ka taka da ƙafarka an ɗauko maka. Kuma su ma'aikatan laburaren ma suna amfani da soshiyal midiyar nan, ɗalibi zai tura sunan littafi ta WhatsApp a duba masa ko yana kan kanta kafin ya ɓata kuɗin adaidaita.