Teku na cin titi ɗaya tilo da suke da shi: tambayoyi da amsoshi kan titunan ƙananan tsibirai

Duk lokacin da aka yi maganar sauyin yanayi da tsibirai abin da mutane suka fi kawowa shi ne wai wata rana ruwa zai haɗiye ƙasar baki ɗaya, amma tun kafin a kai nan akwai abin da ke fara mutuwa, shi ne titi. Bari mu ɗauki ƙasar Kiribati da ke tsakiyar tekun Fasifik mu yi misali da ita (su masu ƙasar Kiribas suke furtawa).

Wai ba ko'ina ruwa ke cin titi ba, meye na musamman a nasu?

Eh ko'ina yana ci, amma mu idan ruwa ya yanke hanya sai direba ya zagaya ta wani gari ko da zai ƙara awa biyu. Su babu zagaye. Tarawa ta Kudu, babban birninsu, jerin 'yan tsibirai ne sirara kamar an shimfiɗa igiya, wani wurin kana tsaye a kan kwalta kana ganin ruwa ta dama da hagu, kuma yawancin ƙasar tsayinta bai wuce mita 2 zuwa 3 daga saman teku ba. Mutum sama da dubu 60 ke zaune a nan, fiye da rabin al'ummar ƙasar kenan, kuma babban titi ɗaya ne mai kimanin kilomita 30 ya haɗa su, tashar jiragen ruwa tana Betio can yamma, filin jirgin sama yana Bonriki can gabas, babban asibiti da makarantu da ofisoshi duk a jikin wannan titin suke. Toh kaga ranar da ya yanke shinkafar da aka sauke a tasha ba ta isa shago, mai naƙuda ba ta isa asibiti.

Mene ne takamaimai yake lalata titin?

Abu uku ne suke haɗuwa, kuma na ukun shi aka fi mantawa da shi. Na farko tekun kansa ya ƙaru, wajen santimita 20 daga farkon shekarun 1900 zuwa yanzu, kuma a 'yan shekarun nan yana ƙara sama da milimita 4 duk shekara. A baki kamar ba komai, amma ga ƙasar da take kusan kwance da ruwa wannan ɗan ƙarin shi ke sa tumbatsar da a da take tsayawa a bakin gaɓa yanzu ta hau kan kwalta. Na biyu igiyar ruwa lokacin guguwa, tana dukan gefen titi tana kwashe yashin da ke riƙe da shi har sai gefen ya rufta. A 2015 tumbatsa mai ƙarfi da kuma igiyoyin da guguwar Pam ta turo sun yi wa hanyar da ta haɗa Betio da tsibirin Bairiki da ke kusa da shi mummunar ɓarna, alhali ita guguwar can Vanuatu ta faɗa da ƙarfinta.

Na ukun ruwan ƙasa ne. A irin waɗannan tsibiran ƙasar yashi ce da ɓurɓushin murjani (wani abu mai kama da dutse da ƙananan halittun teku ke ginawa), ruwa na ratsa ta kamar rariya, idan teku ya tumbatsa ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ma sai ya taso ya jiƙa gindin titin, sama kana ganin kwalta lafiya lau amma ƙasan ya zama taɓo, babbar mota na bi sai ya tsage, ruwan sama ya samu ƙofa, shikenan rami ya buɗe. Ga gishiri kuma yana cin rodin da ke cikin kankaren gada da kwalbati a hankali ba wanda ya gani.

To a gina katanga mana a tare ruwan?

Ana ginawa kuma tana aiki, birnin Male na Maldibs katangar da Japan ta taimaka aka yi masa bayan ambaliyar 1987 ta rage masa ɓarna sosai a tsunamin 2004. Amma katanga tana da nata sharrin, igiya idan ta daki miƙaƙƙen bango komawa take da ƙarfi tana haƙe gindinsa, kuma inda katangar ta ƙare nan zaizaya ke komawa, wato ka tsare gabanka ka tura wa maƙwabci. Shi ya sa injiniyoyi suka fi son jibge manyan duwatsu a gangare, ruwa ya shiga tsakaninsu ƙarfinsa ya mutu.

Sai dai a Tarawa dutsen ma babu shi. Tsakuwa mai kyau sai an ɗauko ta a jirgin ruwa daga wata ƙasa irin su Fiji, su kuma talakawa masu son gina gida ko ɗan shingen kare gidansu sai su ɗebi yashi da tsakuwar bakin teku, wato abin da yake kare su shi suke kwashewa, kuma wallahi ban ga laifinsu ba tunda ba su da wani. Daga baya da tallafin Tarayyar Turai aka samar da jirgin da ke haƙo yashi daga cikin tafkin da tsibirin ya kewaye don a bar na gaɓa ya huta. A ganina wannan aikin kare titi ne tsantsa ko da ba a zuba kwalta ko taku ɗaya ba.

Haka ma murjani mai rai da ke cikin ruwa gaban tsibirin, shi ke karya mafi yawan ƙarfin igiya tun kafin ta iso, idan zafin ruwa ya kashe shi titi ne zai sha dukan. Da itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu ke riƙe laka, mutanen tsibirin suna dasa su ta ɓangaren tafki inda ruwa bai da haukan igiya.

Me aka yi wa titin Tarawa ɗin?

Bankin Duniya da Bankin Raya Asiya da Ostareliya sun haɗa kuɗi aka sake shi, aka gama wajen 2016, an yi masa magudanan ruwa da hanyar masu tafiya a ƙafa, an ƙarfafa gefensa a wuraren da teku ke ci. Hanyar Betio zuwa Bairiki kuma, wadda Japan ta gina a shekarun 1980 da cikon ƙasa a tsakiyar ruwa mai tsawon sama da kilomita 3, Japan ɗin ce ta sake gyara ta aka kammala a 2019. Ita wannan hanyar akwai darasi a kanta, don ta sauya yadda ruwa da yashi ke zirga-zirga tsakanin teku da tafki, kuma da yawa suna danganta nutsewar ɗan tsibirin Bikeman da ita. Titin da aka yi don taimako shi ma yana iya jawo zaizaya idan ba a bar wa ruwa mafita ba.

Ba za a matsar da titin nesa da ruwa ba?

Inda akwai tudu ana yi. A Samoa bayan tsunamin Satumbar 2009 wasu ƙauyukan kudancin tsibirin Upolu sun koma kan tudu, hanya ta bi su. Tarawa da ƙasar Tubalu ba su da tudun komawa, ka ja baya daga wannan ruwan ka faɗa wancan.

Wa ke biyan kuɗin?

Yawanci tallafi ne da bashi daga waje, kuma nan ne abin yake min ciwo gaskiya, duk ƙananan ƙasashen tsibiran nan a haɗe hayaƙin da suke fitarwa bai kai kashi 1 cikin 100 na duniya ba. Dominika a yankin Karibiyan guguwar Mariya ta 2017 ta yi mata asarar da ta ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu, tituna da gadoji na cikin abin da ya tafi, alhali ba ta gama farfaɗowa daga ta Erika ta 2015 ba. An amince da asusun biyan asara da ɓarna a taron yanayi na Sharm el-Sheikh a Masar a 2022, amma abin da aka yi alƙawarin zubawa ciki bai kama ƙafar buƙata ba. Kuma masu bayarwa sun fi son sabon aiki da za a yanke kyalle a buɗe, kuɗin yashe kwalbati da cike tsagar kwalta duk shekara da mayar da duwatsun da igiya ta ture kuwa gwamnatin ƙasar ake bar wa, ita kuma kasafinta ba ya kaiwa.