Tambayoyin da kuke ta maimaita mini kan ƙwaƙwalwa da kuskure a kod ɗin tsarin fayil

Tun da ɗalibanmu suka watse daga Khartum bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, wasu Kasala, wasu Gadarif, wasu Bur Sudan, ta waya muke ci gaba da karatun kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Tambayoyin nan sun dawo mini har na gaji, don haka ga amsa wuri guda.

Ustaz, ba idan shiri ya mutu ƙwaƙwalwarsa ke komawa da kanta ba?

Na shirin mai amfani ke nan. A cikin kanel babu mai share maka. Ƙwaƙwalwar da ka ɗauka da kmalloc ba ka mayar da kfree ba, ta tafi sai an sake kunna na'ura, shi ake kira yoyo.

Bait ɗari ne kawai ke yoyo, mene ne a ciki?

Kada ka sake faɗa mini wannan. Fankshin ɗin da ke buɗe fayil ana kiransa sau dubbai, sabar kuma takan yi watanni ba a kashe ta ba. Ka ninka da kanka.

An koya mana goto, umarnin tsallakawa zuwa wani layin kod, haramun ce, ga shi tsarin fayil na ext4 cike yake da ita.

Masanin kwamfuta Dijkstra ya soke ta a 1968, amma tsalle-tsallen da ke rikita mai karatu yake nufi. Ƙa'idar rubutun kanel ta yarda da ita don aiki ɗaya: ka tara duk sharar a ƙarshen fankshin, kowane kuskure ya sauka a tambarin da ya dace da shi. Kana saki a juye, abin da ka ɗauka ƙarshe shi za ka fara mayarwa, kamar yadda sai ka cire takalmi kafin safa. Kuma ku riƙa ba tambari suna mai ma'ana irin out_brelse. Duk wanda ya sake turo mini err1 da err2 zan mayar masa da aikinsa.

Na duba NULL, wato manunin da ba ya nuna ko'ina, amma kanel ya faɗi.

Saboda ba NULL aka dawo maka da shi ba. Wasu fankshin suna cusa lambar kuskure cikin manunin, sai ka gwada da IS_ERR, ka ciro ta da PTR_ERR. Buɗe fankshin ɗin da ka kira ka karanta. kfree a kan NULL ba ya komai, amma a kan manunin kuskure ɓarna ce.

Idan ɗaura faifai (mount) ya gaza a tsakiyar fill_super, fankshin ɗin da ke cika babban bulo (superblock) mai riƙe da bayanan tsarin fayil, ni zan saki komai ko kanel?

Wannan ce tambayar kirki, kuma amsarta ta danganta da inda gazawar ta same ka da yadda aka gina tsarin fayil ɗinka. Ku natsu. Idan fill_super ya dawo da kuskure, kanel zai kira kill_sb ɗinka, fankshin ɗin da ke rushe babban bulo. Amma put_super, ɗaya fankshin ɗin shara, ba a kiransa sai an riga an cika s_root, manunin tushen tsarin fayil. Ke nan idan a put_super kake sakin s_fs_info, bayanan da tsarin fayil ɗinka ya ajiye wa kansa, kuma ka gaza kafin ka kafa tushen, babu mai sakinsa sai kai a hanyar kuskure. In kuwa a kill_sb kake sakinsa, to kada ka taɓa shi a fill_super, ko in ka sake shi ka mayar da manunin NULL nan take, in ba haka ba an saki sau biyu. Sakin sau biyu ya fi yoyo muni nesa ba kusa ba, domin wani ya riga ya karɓi wurin yana amfani da shi, kuma ɓarnar takan fito a wani gefe da ba ruwansa, bayan lokaci mai tsawo.

Sai tarkon da ya fi kama ku: d_make_root, fankshin ɗin da ke kafa tushen. Kun ba shi inod ɗin tushe, wato bayanan da kanel ke riƙewa game da shi, ya gaza, sai ku bi da iput mai sakin inod don kuna ganin tsafta ce. Shi da kansa yana yin iput idan ya gaza. Daga lokacin da ka miƙa masa, inod ɗin ya bar hannunka. Bafar da ka karanto da sb_bread kuwa taka ce har sai ka yi brelse.

Ina ƙara jan hankali: hanyar ɗaura faifai ta canza tun da fs_context, ma'ajin bayanan ɗaurawa, ya shigo a 2019, inda mallakar s_fs_info ke iya tashi daga gare shi zuwa babban bulo. Saboda haka abin da ya yi daidai a wani sigar kanel yana iya zama kuskure a wani. A ganina mafi aminci shi ne ka ɗauki takarda, ka jera duk abin da ka ɗauka, gaban kowanne ka rubuta wa zai sake shi kuma a wane layi. Wanda ya rikice a nan kada ya karaya, ƙwararru ma suna faɗawa, syzbot, na'urar da ke gwada kanel da kanta, na ci gaba da tono irin waɗannan a manyan tsare-tsaren fayil.

Me ya sa GFP_NOFS?

Kana riƙe da makulli, ka nemi ƙwaƙwalwa, kanel ya koma cikin tsarin fayil ɗinka don ya samo maka, ya tarar da makullin a hannunka. Kowa ya tsaya cak. GFP_NOFS alama ce da kake ba kmalloc don hana kanel komawa cikin tsarin fayil.

Wuta na yawan ɗaukewa, jonal ɗin ext4, inda yake rubuta canje-canje kafin ya aiwatar, ba zai kare ni ba?

Yana taimaka wa faifai ya dawo daidai bayan yankewar wuta. Ba ya gyara kod mara kyau. Kuma ku daina gwaji a kan kwamfutar da aikin digirinku ke ciki, a yanzu da sayen wata ba abu ne mai sauƙi ba. Yi fayil ɗin hoton faifai, ka gwada cikin QEMU, shirin da ke kwaikwayon kwamfuta.

Na gwada, bai taɓa gazawa ba.

Hanyar kuskurenka ce ba ta taɓa gudana ba. Kunna failslab ya riƙa hana ka ƙwaƙwalwa da gangan, ka haɗa da KASAN don sakin sau biyu, da kmemleak don yoyo. Ka ɗaura, ka sauke, ka maimaita, sannan ka turo mini abin da kmemleak ya rubuta.